Takardar Ustad Kalim

Yarinyar da ke tsaye a bakin ƙofa ta yi ɗaurin sari irin na matan Dhaka, amma ɗaurin bai zauna mata ba. Gefensa yana sharar ƙasa, ta kuma riƙe shi da hannu biyu kamar mai tsoron kada ya kwance. Lutfa ta jima tana kallonta kafin ta gane ta. Shekara goma sha ɗaya Lutfa tana zuwa koyon kiɗa wajen mahaifin yarinyar, ba ta taɓa ganin Zarina a waje babu burƙa ba.

"Apa," in ji yarinyar, wato Yaya, murya ƙasa-ƙasa. Sai ta waiga ta dubi layin. A watan Afrilun 1972, wata huɗu bayan yaƙin 'yancin Bangali, kalma ɗaya ta Urdu, harshen sojojin da aka kora, a bakin titi ta isa ta tara wa mutum jama'a.

Lutfa ta jawo ta ciki, ta mayar da ƙofa ta rufe.

Surukarta, wadda suke kira Amma, tana zaune a tsakar gida da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga shinkafar tallafi. Ba ta ko ɗago ba.

"Bouma, matar ɗana, wa ya zo?"

"'Yar Ustad Kalim ce, Amma."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak. Ta ƙare wa Zarina kallo daga sama har ƙasa.

"Au, yanzu kuma Bangali kuka koma? Wata tara kuna yi wa sojoji tafi, yau an iya ɗaura sari." Ta juya wajen Lutfa. "In za ki ba ta ruwa, ba a kofin ɗana ba."

Zarina ba ta fahimci duka ba, don Bangla ɗinta na cefane ne kawai, amma ta gane sautin. Ta sunkuyar da kai, ta bi Lutfa suka hau bene.

A ɗakin sama Lutfa take aiki. A nan ta rubuta littattafanta biyu na gajerun labarai, a nan kuma ta juya littattafai bakwai daga Urdu zuwa Bangla. Lokacin yaƙi ta ɓoye na Bangla a cikin buhun shinkafa a ƙarƙashin gado, saboda sojoji. Yanzu na Urdu ne a cikin buhun. Esraj ɗinta, gogen nan mai dogon wuya da take kaɗawa a gidan rediyo duk ranar Alhamis, yana saman kabad a naɗe cikin tsohon zane.

Zarina ta zaro takarda daga cikin rigarta, ta miƙa mata da hannu biyu.

"Sun tafi da yayana Jawed tun farkon Fabrairu, Apa. Ranar da aka yi wa unguwarmu Muhammadpur ƙawanya, duk wani saurayi aka zuba a mota. An ce suna kurkuku. Gidan ma an karɓe, muna sansani. Abba ya rubuta koke, amma yanzu ofis ba ya karɓar komai sai da Bangla. Akwai wani mai rubuta wa mutane a sansanin, amma dariya ake yi wa takardunsa. Abba ya ce in ke kika rubuta, za su karanta har ƙarshe."

Lutfa ta buɗe. Rubutun Ustad ne, sai dai ya yi rawa, layukan suna gangarawa. Ya faɗi shekarar da ya baro garinsu Patna, can ƙetaren iyaka, da yawan 'ya'yan Bangali da ya koya wa kiɗa, da cewa gidansa bai taɓa sanin siyasa ba. Can tsakiyar shafi ta iso wurin da ya ce: tun daga farkon Disamba har ranar da aka daina yaƙi, ɗana Jawed yana kwance a gabana da zazzaɓi, bai taka ƙofar gida ba.

Ta karanta layin sau biyu, ta ninke takardar.

Saura kwana biyu a gama yaƙi suka zo, da hantsi. Mijinta Rezaul, malamin tarihi a kwaleji, ya zauna ke nan zai ci shinkafa da miyar wake. Wata ƙaramar bas da aka shafe da laka ta tsaya a layin, samari shida suka sauko, fuskokinsu a rufe da baƙin ƙyalle. Biyar suka shigo. Na shidan ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Nan ne gidan. Yana sama." Lutfa tana kan matakala a lokacin. Shekara da shekaru mai wannan murya yana zama a gefenta a gidan Ustad da 'yan gangunan tabla, yana ƙirga mata bugu da baki duk sanda ta kuskure. Bayan kwana huɗu aka sami Rezaul a ramukan da ake yin tubali a bayan gari, idonsa a ɗaure, tare da wasu da yawa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ba ta da shaida sai kunnenta. Ta kuma san abin da samarin unguwa masu bindiga za su yi wa gidan Ustad gaba ɗaya in ta buɗe baki.

"Apa, za ki yi?"

"Zan zo in ga Abbanki gobe," in ji Lutfa.

Tun daga bakin titi warin sansanin yake tarar mutum. Rumfunan tamfol da buhu ne a jere, tsakaninsu kwata, mata sun yi dogon layi a gaban famfo ɗaya tak. Zarina ta ratsa da ita har wata rumfa da sai an duƙa ake shiga.

Ustad Kalim yana jingine a kan tabarma. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, amma ya sa farar riga mai tsabta, ya taje gemunsa. Yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan gwiwa, kamar yadda suke yi kullum.

"'Yata, kin zo. Zauna nan, can yana ɗiga."

Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba. Ya tambayi lafiyar Amma. Ya yi mata ta'aziyya a taƙaice, idonsa a ƙasa.

"Kina taɓa esraj?"

"Tun Disamba ban taɓa ba, Ustadji."

"Tsirkiya za ta yi tsatsa. Ko ba ki kaɗa ba, ki riƙa goge ta. Nawa dai daga saman bene yara suka jefo shi. Ko a nan sai da ya yi ƙara mai daɗi." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Na karanta takardar."

"Rubutun ya lalace. Hannun ya daina jin magana."

"Na karanta wurin zazzaɓin."

Tsohon ya dubi 'yarsa. "Zarina, je ki kama mana layin ruwa." Sai da takunta ya yi nisa sannan ya ci gaba. "Ban ce ki rantse ba. Ban ce ki tsaya shaida ba. Maganata ce, alhakinta a wuyana. Ke juya ta kawai za ki yi."

"Ustadji, ina kan matakala ranar. Na ji murya."

Ya rufe ido. Yatsunsa suka daina motsi.

"An ce fuskokinsu a rufe suke."

"A rufe suke. Amma ni na san murya."

"Na sani," in ji shi. "Ni na koya miki."

A rumfar da ke kusa wani jariri yana ta kuka. Lutfa ta zuba wa tabarmar ido. Ta zo ne tana fatan ya yi mata musu, ya yi fushi, ya ce kunnenta ya yaudare ta. Da ta koma gida da ɗan kokwanto ta riƙe.

"Ranar da la'asar ya dawo," Ustad ya ce. "Ya zagaya bayan gida ya yi amai, ya shigo ya kwanta. Sati biyu bai tashi ba. Zazzaɓin gaskiya ne, 'yata. Kwanakin ne na ƙara. Sun ce masa gida kawai zai nuna, tambayoyi za a yi wa mutumin a sake shi."

"Kada ka gaya mini wannan."

"To, na bari," in ji shi. "Ba yafiya nake nema ba, na san girman abin. Shekarata saba'in da huɗu. Na baro Patna uwarsa tana ɗauke da cikinsa. Shi kaɗai nake da shi da zai sa ni a rami, ya kuma tsaya wa yarinyar nan."

Lutfa ta miƙe. Takardar tana cikin jakarta, ba ta ajiye masa ba.

Kwana uku ta yi a kan shafi ɗaya. Urdun Ustad irin na da ne, mai yawan rusunawa da kirari ga mahukunta. In aka kwashe shi haka nan zuwa Bangla, sai ya zama abin dariya, ko ya yi kama da fadanci. Ta riƙa neman kalmomin da za su bar tsohon da mutuncinsa. Hannunta ya san aikin, bai jira izininta ba.

Da ta iso layin zazzaɓin sai alƙalamin ya tsaya. Ta san hanyar da za ta kashe shi. Kalma ɗaya ƙarama ta isa, irin wadda ke mayar da abin da mutum ya gani ya zama abin da aka gaya masa. Duk akawun da ya karanta zai ji warin ƙarya, kuma babu wanda zai taɓa sanin daga ina warin ya fito. Ta rubuta haka. Ta zauna tana kallonsa har aka kira azahar a masallacin layi. Sannan ta yage shafin, ta sake daga farko, ta rubuta abin da Ustad ya ce yadda ya ce shi.

Da ta gama ta karanta da ƙarfi, kamar yadda take yi wa kowace fassara. Ta yi kyau. Ta fi duk wani abu da ta rubuta a shekarar kyau. Ta fita baranda ta tsaya shan iska.

Ta dawo ta ɗauki sabuwar takarda. Wannan tata ce. Ta rubuta rana da lokaci, da bas mai laka, da abin da na shidan ya faɗa, da sunansa, da yadda aka yi ta san muryar. Rabin shafi ne, amma ya fi wancan cin lokaci. Ta sa hannu a ƙasa. Ta ninke takardun biyu, kowace daban, ta sa a jaka.

Da safe tana saka takalmi Amma ta fito daga kicin.

"Kin rubuta musu ke nan."

"Na fassara, Amma."

"Kin fassara." Tsohuwar ta goge hannu a gefen sarinta. "Ɗana ya kwana huɗu a ramin tubali karnuka suna zagaya shi, ke kina sama kina gyara musu magana." Ta matso kusa, ta sassauta murya. "Bouma, tun ranar da yarinyar nan ta zo ba ki ci abincin kirki ba. In akwai abin da kika sani ni ban sani ba, ki faɗa mini. Ni na haife shi."

Lutfa ta dubi fuskar tsohuwar, irin goshin Rezaul sak.

"Shinkafar tana kan wuta, Amma. Kada ta kama."

Ofishin da ake ajiye sunayen waɗanda aka tsare yana hawa na biyu a wani tsohon gini. Mata sun cika matakalar, wasu da hotuna a hannu. Tun a hanya Lutfa ta gargaɗi Zarina: kada ta yi magana, ko an tambaye ta, ta ja gefen sari ta rufe kai, ta tsaya a bayanta. Rana ta take kafin layi ya zo kansu.

Akawun mutumin Nowakhali ne, mai saurin magana irin ta mutanen can, wadda ko 'yan Dhaka sai sun kasa kunne. Yana taunar ganyen pan, leɓɓansa sun yi ja. Ya karɓi takardar da hannu ɗaya kamar zai jefa ta kan tulin da ke gefensa, sai idonsa ya kama layin farko. Ya gyara zama. Ya karanta har ƙarshe.

"Kai! Wa ya rubuta wannan? Kamar a littafi." Ya ɗago. "Ke ce, Apa? Wallahi wata uku ina nan ban ga irinta ba. Tsohon ya ba ni tausayi."

Hannun Lutfa yana cikin jaka, yatsunta a kan takarda ta biyu. Tun daga gida take riƙe da ita, har yanzu ba ta san ko za ta fito da ita ba.

Akawun ya jawo wani babban littafi, ya lashi yatsa, ya shiga buɗawa. "Jawed Ansari, Jawed Ansari. Wace rana aka ɗauke shi? Farkon Fabrairu, Muhammadpur." Ya bi jerin da yatsa, ya juya shafi, ya sake juyawa. Sai ya tsaya, ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Ayya. Kin yi wahalar banza, Apa. Motoci uku aka cika ranar. Biyu ne suka iso kurkuku. Ta ukun, mutanen gari suka tare ta a bakin kogi, masu gadin ba su iya hana su ba. Duk wanda ke cikin wannan, sai dai ki tambayi kifi."

"Ka tabbata?"

"Ga sunansa nan a jerin ta ukun, na goma sha tara. Ba a sami ko ɗaya ba." Ya tofar da jan miyau a gwangwani, ya dube ta da kyau, ya dubi yarinyar da ke bayanta. "Ke mene ne haɗinki da su?"

"Mai fassara ce ni."

"To, ki ajiye abinki. Rubutu ne mai kyau, kada ya ɓata a nan." Ya miƙo mata takardar, ya leƙa bayansu. "Na gaba!"

Lutfa ta zare hannunta daga jaka, babu komai a ciki. Wata huɗu tana tunanin irin abin da za ta ji in wannan labari ya zo mata. Ta duba cikin ranta, ba ta sami komai ba sai gajiya, da ƙishirwa.

Suka sauko ta tsakiyar matan. Zarina tana jan gefen sarin Lutfa tun daga sama, amma ta daure har suka fito bakin titi, inda masu keken haya na riksha suke jere, masu talla suna ta kira. Nan ta manna bakinta a kunnen Lutfa.

"Apa, me ya ce? Na ga ya karanta duka. Ya ji daɗinta, ko? Me ya sa ya dawo da ita?" Ta ƙara matsowa. "Na ji ya ce kifi. Kifi ake ba su a can?"

Lutfa ta dube ta. Shekararta goma sha tara. Abu ne mai sauƙi ta ce an ce a dawo wani sati. Za su dawo, a sake cewa wani satin, tsohon ya yi ta taje gemu yana jira har ransa ya fita. Ta tuna kwana huɗun da ita ma ta yi tana bin ofisoshi da asibitoci a Disamba, kowa yana ce mata ta yi haƙuri ta dawo gobe.

Ta ja Zarina jikin bango, ta sunkuya, ta gaya mata da Urdu, a hankali, yadda aka faɗa. Motoci uku. Biyu sun isa. Bakin kogi. Na goma sha tara. Maganar kifin kaɗai ta bari.

Zarina ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sai bakinta ya buɗe, kuka ya fito da kalmomi a cikinsa, da harshen da aka haife ta da shi.

"Wayyo yayana! Me zan gaya wa Abba—"

Lutfa ta toshe mata baki da tafin hannu, ta rungumo kanta ta danna a ƙirjinta. Amma an riga an juyo. Wani mai sayar da gyaɗa ya ajiye ma'auninsa. Samari biyu da ke jingine da wata mota, ɗaya da bindiga a kafaɗa, suka daina hira. Mutane suka fara matsowa.

"Me ya same ta?" in ji mai bindigar. "Me ta ce?"

"Ƙanwata ce," Lutfa ta amsa da Bangla, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Yanzu aka gaya mana a sama. An kashe mana mutum."

Fuskokin suka sassauta. Saurayin ya kawar da kai, ya gyara igiyar bindigarsa. Wata tsohuwa da ta fito daga layin, riƙe da hoton wani yaro cikin rigar makaranta, ta matso ta dafa bayan Zarina tana shafawa.

"Yi kuka, 'yar nan, yi kuka. Duk gidan da ka shiga a ƙasar nan haka ne." Ta ɗaga hannu sama. "Allah ya isar muku. Wanda ya yi wannan, da wanda ya nuna hanya, Allah ya hana su kwanciyar kabari, su da duk wanda ya haife su."

"Amin," jama'a suka amsa.

Lutfa ta ji haƙoran Zarina sun shiga tafin hannunta. Ba ta janye ba. Mai gyaɗa ya ɗaga hannu ya kira riksha, mata biyu suka taimaka aka ɗora yarinyar, Lutfa ta hau gefenta, hannunta na nan inda yake. Wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta wuyan hannunta, ba ta duba ko hawaye ne ko jini ba.

Mai rikshar ya taka feda ya waigo. Mutanen suna nan tsaye kewaye da su, suna kallo da tausayi.

"Ina muka nufa, Apa?"

Sansanin yana yamma, tafiyar rabin sa'a, tsohon yana can a jingine yana sauraren taku. Lutfa ta buɗe baki za ta ambaci sansanin, sai ta dubi mai bindigar da ke tsaye taku uku daga gare su.

Ta faɗi sunan layin gidanta.